Yadda Na Shanya Faya-fayan Baba Issaka a Ranar Dubai

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wadda ta zo shago sayen abaya sai ta ja kujera ta zauna, wai Rabi ba mu labarin Dubai. Wadda ta kira ni a waya ko gaisuwa ba ta gama ba sai ta ce yaya dogon benen nan. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowacce ta karanta ta ƙyale ni. Kuma tun yanzu in gaya muku, dogon benen ta tagar jirgin ƙasa na hango shi, ban je ba. Sarin kaya ma rabi na yi. Abin da ya kai ni daban ne.

Ƙanina Habu ya shekara huɗu a can yana gadi a wani babban kanti. Wata bakwai kafin tafiyata maƙwabciyarmu ta shigo da waya ta nuna wa Inna hoto: Habu a tsaye da hular saƙa mai ja da ɗorawa da kore, bayansa lasifikoki an jibge su sun fi shi tsawo. Ta ƙara da cewa masu irin wannan hular ai 'yan wiwi ne, ba salla ba wanka. Inna ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi kada wanda ya ƙara miƙa mata waya in Habu ne. Duk Juma'a sai ya kira, duk Juma'a sai ta juya fuska bango. Ga hawan jini, ga abinci sai an yi da gaske take ci. Da bizata ta fito ta kira ni ɗaki ta ce, "Ki je ki gani da idonki. In gaskiya ne, ba ni ba shi har ƙasa ta rufe min ido. Kuma kada ki rufa masa, na san halinki." Da wannan maganar a raina na bar Kaduna.

Motar Kano ta yi faci sau biyu, direban kuwa ko a jikinsa, har da tsayawa cin tsire a Kwanar Ɗangora ina ta masifa. A filin jirgi Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladidi, 'yar kasuwar Kwari, wadda ta ce ta daina ƙirga zuwanta Dubai. Ita ta ɗaura min bel, ita ta riƙe min hannu da jirgi ya ɗaga ina ta salati da ƙarfi har na bayanmu suna dariya. Mun yada zango a Addis Ababa, sanyi ya ci ni, na sha wani kofi mai ɗaci da har gobe ban yafe masa ba.

Da muka sauka a Dubai, jami'i cikin farar jallabiya ya nuna min kyamara ya ce in buɗe ido. Na zaro su iya ƙarfina, har sai da ya murmusa ya ce ya isa. A wurin duba kaya aka buɗe jakata, warin daddawa ya tashi. Na zo da ita da kuka don in yi wa Habu miya. Mutumin ya ɗaga ƙullin da yatsa biyu yana kallona. Hajiya Ladidi ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa, ya mayar da sauri ya ce, "Yalla, yalla." Wato mu kwashe mu ba shi wuri.

Masaukinmu a Deira yake, dab da kasuwar Murshid Bazaar, ɗaki ɗaya mu huɗu, kwalaye har rufi. Daga safe har yamma ba abin da kunne ke ji sai ƙarar salatif ana ɗaure kayan kago, wato waɗanda za a aika gida. Abinci shinkafa ce mai yaji ba miya, sai wani burodi mai mai da shayin karak, wanda shi kam na yarda da shi. Garin akwai doka. Titi ba a tsallakawa sai inda aka zana, ni da na saba ɗaga wa mota hannu in wuce sai da Hajiya ta fizgo ni sau uku a rana ɗaya. A jirgin ƙasa mata da nasu tarago, wannan na ce da ma a kawo mana. Amma mutum goma a lif ba mai ce wa wani sannu. Na yi sallama ran farko, kowa ya kalli takalminsa.

Kashegarin saukarmu Habu ya zo cikin kayan aiki, kansa a aske tas. Ban ji kunyar idon mutane ba, na kama rigarsa na shinshina, na duba leɓensa, na duba idonsa. Yana ta dariya yana cewa, "Yaya, sai ka ce 'yar sanda." Can dariyar ta ɗauke ya ce, "Inna fa?" Na ce tana nan. Ya ce, "Ta ambace ni?" Na kauce wa tambayar, na ce ya kai ni in ga inda yake kwana.

A Al Nahda suke, bakin iyakar Sharjah, hawa na takwas. Su shida a ɗaki, biyar 'yan Ghana ne, Hausawan Zango na Kumasi da Accra. Gadaje masu hawa biyu, sai a kusurwa wasu manyan akwatunan katako guda biyu baƙaƙe, an ɗora katifa a kai. Na ce wannan fa? Habu ya ce gadonsa ke nan. Lasifikokin hoton nan ne. Babu wurin ajiye su, shi ne ya ba da gadonsa aka fitar, ya koma kwana a kansu. Ashe haka suke yi: kayan sautin ba na mutum ɗaya ba ne, kowa da abin da yake riƙe. Wani amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a ƙarƙashin gadonsa, wani wayoyin lantarki a jaka, wasu akwatunan suna wani gida a Sharjah. In mutum ɗaya ya yi fushi ya ƙi fitowa, kiɗa ya fasu. Akwatunan ma su suka haɗa da hannunsu, da katakon kago da ake zubarwa a kasuwa.

Babbansu Baba Issaka, dattijo ne da ya kai sittin, kuku ne a wani gidan abincin ma'aikata. Shi ke riƙe da faya-fayan garmaho, irin baƙaƙen nan na zamanin iyayenmu, cike da akwati a ƙarƙashin gadonsa, duk na kiɗan regge. Hausarsu ta ba ni dariya, mace ma "kai" suke ce mata. Ya ce min, "Ka zo lafiya, 'yata? Ka ci abinci?" A hanya Habu ya gaya min cewa lokacin da ya sauka, aikin da aka yi masa alkawari babu shi, ya yi kwanaki yana kwana a benci, Baba Issaka ne ya ji shi yana waya da Hausa a ƙofar masallaci ya ja shi gida. Na ji, amma na ce a raina kirki daban, wiwi daban. Sun ce ran Lahadi suna da rawa, in zo in gani.

Ban jira Lahadi ba. Ran Laraba na karɓi makulli a hannun Habu da sunan zan yi musu tuwo kafin su taso aiki. Allah ya yafe min, bincike na je yi. Na ɗaga katifu, na lalube aljihuna, na leƙa har cikin ramin lasifika. Abin da na samu darduma, carbi, man zafi, da hotunan 'ya'yan mutane. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki, kuma ni in kunya ta kama ni aiki nake kamawa. Na share, na goge, na wanke bayi. Sai na jawo akwatin Baba na ga wasu faya-fayai da ya ware a gefe, da ƙura da shatin yatsu. Na ce maza dai ba su iya komai ba. Na zare guda goma sha ɗaya daga kwalayensu, na wanke su da sabulu ɗaya bayan ɗaya, na fita baranda na jera su a faranti a kan injin iyakwandishan, inda rana ta fi bugawa, don su bushe da wuri. Na koma na ɗora tukunya ina waƙa.

Ku da ba ku je ba, ranar can ba irin tamu ba ce. Da na tuƙe tuwo na fito kwashewa, sai na tarar duk sun lanƙwashe kamar murfin roba da aka manta kusa da murhu. Na ɗauki ɗaya ya ƙona min yatsa. Na danna shi a ƙasa ya ƙi kwanciya. Na zauna daɓas a barandar na ɗora hannu a ka.

Habu ne ya fara dawowa. Ya kalle su ya kalle ni, ya ce, "Yaya, kin kashe ni." Ya ce waɗannan su ne Baba ya zaɓa don Lahadi, ya fi shekara talatin yana tara su, irinsu ba a samu a kasuwa. Ya ƙara da cewa, "Mutumin da ya tsince ni a titi, Yaya." A rayuwata ban taɓa jin na tsani hannuna irin ranar ba.

Da Baba Issaka ya shigo na durƙusa tun kafin ya cire takalmi. Ya zauna a bakin gado, aka miƙa masa su, yana ɗaga kowanne yana duba shi ta gefe. "Ei," kawai yake cewa. A kan guda ɗaya ya daɗe, ya shafa takardar tsakiyarsa da babban yatsa. Sai ya ɗaga hanci ya ce, "Wannan ƙamshin daddawa ne?" Na ce e. Ya ce, "To zubo mana, tuwo ba ya jira." Ya ci malmala biyu ina tsugune ina hawaye. Na kasa riƙewa, na faɗa masa duka, har da binciken da na yi musu da saƙon Inna. Ya wanke hannu ya ce, "Da ɗana ne a wata ƙasa ni ma zan aika a duba. Ka yi aikin da aka aiko ka. Amma rana ta lanƙwasa su, kai za ka sa ta miƙe su, mu muna da aiki."

A daren ya aro gilasai biyu masu kauri, na wani tebur da ya karye. Ya koya min: a sa faifai a tsakaninsu, a fitar rana minti kaɗan ana taɓa gilashin da bayan hannu, da ya ɗau zafi a shigo da shi da sauri, a ɗora masa nauyi har ya huce sarai. "Shwaiya shwaiya," in ji shi, wato a hankali. Nauyin kuwa akwatin da Habu ke kwana a kai ne, ni ke ɗaga gefensa da kafaɗa ina turawa. Kwana uku ina wannan aiki, Alhamis, Juma'a, Asabar. Hajiya Ladidi ta yi min tatas, ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta biya kuɗin jirgi ta zo gasa faifai ba, amma ita ta riƙa zaɓar min abayoyi tana turo hoto. Takwas sun miƙe. Biyu sun miƙe rabi. Guda ɗaya, wanda Baba ya daɗe a kansa, ya ƙi. Habu ya ce na yayan Baba ne da ya rasu, shi ya ba shi a Kumasi ranar da zai bar gida. Na sake zuwa ba Baba haƙuri, ya ce, "Mai shi ma ya tafi. Khalas, shi ke nan." Ya mayar da shi kwalinsa ya ajiye.

Ran Lahadi, wadda ita ce ranar hutun yawancinsu, tun hantsi aka fara sauko da kaya ta lif, akwati ɗaya mutum uku. A gida in za a yi biki benci biyu ake gindayawa a titi a kafa rumfa, mai mota ya nemi wata hanya. A can ko ganga ba ka isa ka buga a titi ba sai da takarda. Don haka wani mai sito a bayan gari ne ke ba su filin sitonsa, shi ke nemo izini, sau ɗaya a wata biyu. Ƙofa a buɗe take, ba a karɓar ko sisi, ba a shiga da kwalba. Na tambayi Baba me suke samu. Ya ce a Zango haka ya taso ya gani, ana fito da sauti bakin layi don wanda ba shi da kuɗin shiga otal, a nan kuwa kusan kowa shi ne wannan mutumin.

Aka jera akwatunan, manya a ƙasa ƙanana a sama, aka ɗaure da igiyar kago. Wata 'yar Accra mai suna Memuna ta zo da tukunyar waake, garau-garau ɗinsu ke nan, tana zuba wa kowa. Mutane suka yi ta shigowa: 'yan Uganda, 'yan Nepal, 'yan Filifin, Indiyawa, masu shara da masu gadi da masu wanke motoci, wasu da kayan aiki a jikinsu. Sai ga Habu da hular nan ta hoto. Ashe hula ɗaya ce tak, wanda ke tsaron ƙofa ranar shi ke sa ta, don baƙo ya san wanda zai tambaya. Shi ke raba ruwa, shi ke nuna wa mata inda za su ajiye jaka. A gabana ya mayar da wani da ya ɓoye kwalba a riga, cikin lallami, har mutumin ya je ya ajiye ya dawo.

Baba ya tsaya bayan tebur da garmaho ɗaya tak. Ya ɗora faifai, ya saki allura. Jama'a, ni na san kiɗan biki, amma wannan ba a kunne ake jin sa ba. Ta tafin ƙafa ya shigo min ya tsaya a ƙirji, har mayafina yana rawa. Idan waƙa ta ƙare sai ya juya bayan faifan, inda babu muryar mawaƙi sai ganga da kiɗa mai kauri, ana jefa 'yar murya tana amsa-kuwwa tana ɓacewa. Shi suke kira dub. Rawar ma ba tsalle ba ce, kowa a inda yake, ido a lumshe, yana lilo. Na ga wani ɗan Nepal yana rawa hawaye na zuba, ba wanda ya kalle shi.

Can na ga Baba ya zaro ɗaya daga cikin waɗanda na gasa, na gane shi da jar takarda. Ya ɗora, kiɗa ya tashi lafiya, ina ta addu'a. Bai yi nisa ba sai jama'a suka ɗau ihu suna ɗaga hannu, Baba ya cafke allura, kiɗa ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, ya lalace, ga shi ana yi masa ihu a bainar jama'a saboda ni. Na rufe fuska da mayafi na nufi ƙofa. Memuna ta riƙo ni da hannun da ke da ludayi ta ce ina za ni. Na ce faifan ya ƙi. Ta kwashe da dariya har tana dafa gwiwa, ta ce, "Chale, ƙawata, daɗi ya yi yawa ne! In waƙa ta yi musu daɗi sai sun sa a dawo da ita farko." Kafin ta rufe baki ya sake saki, fili ya ɗauka. Sau uku aka dawo da faifan nan. Baba ya ɗauki makirfo ya ce wannan 'yarsa ce daga Kaduna ta wanke shi, duk mai faifai mai datti ya ɓoye. Mutanen da ba su san ni ba suka yi ta tafa min. Ni ma dai na ɗan taka, kada ku gaya wa mijina.

Da la'asar ta yi Habu ya duba agogo ya ɗaga wa Baba hannu, aka kashe komai. Aka shimfiɗa tamfol a gaban lasifikokin, masu salla suka yi sahu, sauran suka ja gefe suna cin waake ba hayaniya. Baba ya tura Habu gaba ya ja mu. Ina sahun baya ni da Memuna ina jin kabbarar ƙanina, na yi sallar nan da ƙyar saboda kuka. Kafin magariba an naɗe waya ta ƙarshe, an share fili tas.

Ana gobe zan taho muka hau abra, ƙaramin kwalekwalen da ke tsallaka ruwa zuwa Bur Dubai, Habu ya sayi yadi ya ce in kai wa Inna, in ta ƙi karɓa in ce ni na saya. A kan ruwa ya tambaye ni abin da zan faɗa mata. Na ce abin da na gani. Na je yi wa Baba sallama, na yi masa godiyar da bakina ya iya, kuma har yau in na idar da salla sai na ambaci sunansa, da na Memuna, da na Hajiya Ladidi.

Na iso Kaduna da yamma. Inna ba ta tambayi hanya ba, ta ce, "Ina jin ki." Na zauna a tabarma na faɗa mata tun daga shinshina riga har sallar la'asar, ban rage ɓarnata ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Na marigayin bai gyaru ba?" Na ce bai gyaru ba. Ta ce, "Kuma bai zage ki ba?" Na ce ko harara. Ta gyara ɗankwali ta ce in kira mata dattijon.

Na kira lambar Habu na ce ya ba Baba. Inna ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta ba shi haƙuri a kaina, ta yi wa yayansa addu'a, ta ce ga amanar yaro nan. Ban ji abin da ya ce mata ba, na dai ga ta gyaɗa kai. Sai ta ƙanƙame wayar da hannu biyu, ta ce, "To ba ni shi."

Na tashi na ba su wuri, na je na kwance kayana. Da na dawo bayan kusan awa guda tana nan tana yi wa Habu faɗa, wai wata bakwai ko wasiƙa bai iya aikowa ba, ina jiyo shi ta cikin wayar yana kuka yana dariya yana cewa to Inna, to Inna. Ta ɗago ta harare ni ta ce, tsayuwar me nake yi, in zubo mata abinci yunwa take ji.